INA MUKA BARO WASAN DAƁE?

Yau na ajiye labarin da muke ciki zuwa wani mako, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar wasan daɓe, wasan kwaikwayon da ake yi a gaban jama'a ido na ganin ido, babu kyamara babu majigi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, a duk hanyoyin ba da labari da muke da su, littafi ne ko fim ko rediyo, wasan daɓe ne kaɗai mai kallo yake da baki a cikinsa, kuma tun da muka yi watsi da shi muka rasa wani zaure da al'umma take zama ta kalli kanta.

Bari in fara da sana'ar da na sani. Idan na zauna rubuta littafi, ni kaɗai nake a ɗaki da biro da takarda. Wadda za ta karanta ita ma ita kaɗai ce a ƙuryar ɗakinta. In labarin ya ɓata mata rai, iyakarta ta yi tsaki ta rufe littafin, ni kuwa ina can ban san ana yi ba. A da sai bayan watanni wasiƙa za ta iso ta adireshin da muke sawa a bayan littafi, yanzu kuma saƙon waya ne, amma duk dai aikin gama ya gama, an riga an buga. Haka shi ma fim. Ɗan wasa in ya yi kuskure darakta ya tsayar a sake ɗauka, sau goma ma in ta kama, sannan a kai wa mai tacewa ya yanke ya haɗa. Fim ɗin da aka kalla a Fagge shi ne za a kalla a zangon Kumasi, babu abin da zai ƙaru ko ya ragu, ko masu kallo sun yi dariya ko sun yi barci.

To wasan daɓe ba haka yake ba. Ɗan wasa yana tsaye, jama'a na gabansa, yana jin numfashinsu. In ya yi magana aka fashe da dariya, dole ya dakata har ta lafa. In ya ji wurin ya yi tsit, ya san maganar ta shiga, sai ya sassauta murya. In ya ji an fara surutu da motsa kujeru, ya san ya fara gundurar mutane, sai ya yi sauri ya wuce wurin. Saboda haka wasan da aka yi ranar Asabar ba zai taɓa zama ɗaya da na ranar Lahadi ba, ko da 'yan wasan ba su canja ba, domin masu kallon sun canja, kuma su ma suna cikin masu yin wasan. Da an tashi kuma shi ke nan, babu kaset ɗin da za a mayar baya, sai abin da ya zauna a zukatan waɗanda suka halarta.

Wani zai ce ai wannan abin Turawa ne suka kawo shi tare da boko. Wanda ya faɗi haka ya manta da tashe. Tun daga goma ga watan azumi yara ke bin gida gida suna kwaikwayon manya, wannan ya zama tsoho mai gemun auduga, wancan ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma suna wasan Mairama da Daudu suna nuna zaman aure. A Kano ga Nalako da jama'arsa suna bin gwagware da zolaya. Ga 'yan kama da suke kwaikwayon zaman malamai da almajiransu, amma duk karatun nasu a kan tuwo da miya yake ƙarewa. Ga kalankuwa da samarin ƙauye suke yi bayan an kawar da amfanin gona, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu. A Damagaram ga wasan kara. A gidajen sarauta kuma ga wasan gauta, inda matan fada suke shiga irin ta sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci. Ka duba wannan hikima mai karatu. Abin da babu bafaden da zai iya buɗe baki ya gaya wa sarki, sai ga shi an nuna masa a cikin raha, ya yi dariya tare da kowa, amma ya koma ɗaki da abin tunani. Gani ya kori ji.

Da boko ya zo, 'yan bokon farko sun gane amfanin wannan makami. Marigayi Malam Aminu Kano, tun kafin ya shiga siyasa gadan-gadan, lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, yana shirya wasanni da ɗalibansa suna nuna zaluncin masu riƙe da mulki da cutar da ake yi wa talaka. Cikin wasanninsa akwai Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka inda aka dosa. Bayansa ga Abubakar Tunau da Wasan Marafa, ga Shu'aibu Maƙarfi da Jatau Na Kyallu da Zamanin Nan Namu, ga Mohammed Sada da Uwar Gulma. Yau waɗannan littattafai ɗalibai ke haddace su don cin jarrabawa, alhali wasanni ne da ya kamata a tashi tsaye a yi su a gaban mutane.

In kana son sanin ƙarfin wasan daɓe, dubi yadda masu mulki suke jin tsoronsa. A 1964 Hubert Ogunde ya yi wasansa mai suna Yoruba Ronu, inda ya zungure gwamnatin Firimiya Akintola, nan take aka haramta wa ƙungiyarsa yin wasa a duk Jihar Yamma, ba a ɗage ba sai da soja suka karɓi mulki a 1966. A ƙasar Kenya, marigayi Ngugi wa Thiong'o ya daɗe yana rubuta littattafai da Turanci yana sukar gwamnati, ba a ɗaure shi ba. Amma da ya koma ƙauyen Kamiriithu a 1977, ya haɗu da manoma da ma'aikatan masana'antu suka gina dandali da hannunsu, suka yi wasa da harshen Gikuyu a kan ƙwacen gonaki, sai aka hana wasan, aka kama shi a ranar ƙarshe ta wannan shekarar, ya yi kusan shekara guda a kurkuku ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A 1982 kuma aka turo 'yan sanda suka rushe dandalin baki ɗaya. Me ya sa littafi bai tsorata su ba, wasa ya tsorata su? Saboda mai karanta littafi shi kaɗai yake jin haushinsa, amma mai kallon wasa yana waiwayawa ya ga maƙwabcinsa ma ransa ya ɓaci, daga nan ya gane cewa matsalar ta kowa da kowa ce.

Mu ma nan gida an gwada an gani. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, an gina gidan wasa da jar ƙasa irin ginin Hausawa, kuma malamai irin su Michael Etherton suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka. A 1977 suka yi abin da suka kira Wasan Manoma a Soba, lokacin da gwamnatin soja ke yekuwar ciyar da ƙasa, daga baya suka je Maska da Bomo. Yadda suke yi shi ne, su zauna da mutanen gari su ji abin da ke damunsu, taki ne ko gona ko rashin asibiti, sai a ƙulla wasa a kai, a yi shi a dandalin gari da Hausa, in an gama a zauna a tattauna, wani lokaci ma mutanen garin su shigo su karɓi wasan. A Jamhuriyar Nijar kuma, zamanin Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa, kuma sunan Yazi Dogo har yau ba baƙo ba ne ga duk mai jin Hausa a can.

Ni kaina na shaida irin wannan lokacin ina sakandare. Ƙungiyarmu ta Hausa ta shirya wasa a kan auren dole ranar taron iyaye da malamai. Da aka zo wurin da uban yarinya ya ɗaga hannu yana rantsuwa cewa ko gawarta ce sai an kai gidan Alhaji, sai wata dattijuwa daga cikin iyaye ta miƙe tsaye ta ce, "Kai Malam ka ji tsoron Allah, 'yar nan fa amana ce a hannunka!" Yaron da ya fito a uban bai rikice ba, ya juyo ya ce, "Iya, to bashin da Alhaji yake bi na ke za ki biya?" Wurin ya kaure, masu goyon bayan Iya na yi, masu cewa uban ma abin tausayi ne na yi. An tashi taro amma iyaye ba su watse ba, suna tsaitsaye a gindin darbejiya ana ta muhawara har la'asar. Na rubuta littattafai a kan auren dole, an saya an karanta, alhamdu lillahi, amma babu wanda ya taɓa tara mini iyaye maza da mata a wuri ɗaya suna musayar magana a kai kamar wannan wasa na rabin awa.

To ina muka baro shi? Gaskiyar magana ita ce fim ɗinmu na Hausa daga cikin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ya fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ita ce ta yi Turmin Danya a 1990, kuma daga nan sauran ƙungiyoyi suka bi sahu. Ba na ganin laifinsu, domin kaset yana kawo kuɗi, daɓe kuwa sai dai tafi da Allah Ya yi albarka, kuma harkar fim ta rufa wa dubban matasa asiri. Sai dai ɗan ya girma ya manta da uwar. Ƙungiyoyin unguwa suka zama kamfanoni, ƙungiyoyin makarantu suka mutu saboda babu malamin da zai tsaya bayan an tashi ba tare da ko sisi ba. Yanzu kuma an bar kaset an bar faifai, an koma YouTube da TikTok, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, mutum biyar a ɗaki ɗaya kowa da abin da yake kallo. Sakamakon a fili yake. Za ka ga yaro ya gama sakandare amma ba zai iya tsayawa gaban mutum ashirin ya yi magana ta minti biyu ba tare da gwiwarsa ta yi rawa ba. Daɓe kuwa shi ke koya wa yaro ɗaga murya, da haddace magana, da jiran ɗan'uwansa ya gama kafin ya karɓa, da zuwa a kan lokaci saboda in bai zo ba aikin mutum goma ya tsaya.

Na san akwai masu ƙorafi, kuma ƙorafinsu abin a saurara ne. Na farko su ne masu cewa wasa yana kawo cakuɗuwar maza da mata da shashanci. To ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Makarantun Islamiyya da yawa suna yin 'yar dirama ranar bikin sauka, maza a gefe mata a gefe, iyaye da malamai na zaune, kuma ba mu ji an ce sun yi saɓo ba. Hasali ma wasan da ake yi a gaban liman da mai unguwa da iyayen yara ya fi sauƙin tsarewa a kan abin da yaro yake kallo shi kaɗai cikin bargo da tsakar dare. Na biyu su ne masu cewa babu tsaro. Wannan gaskiya ne a wurare da dama, kuma ba zan ce a tara mutane da dare a inda ake fargaba ba. Amma harabar makaranta da hantsi ko bayan la'asar fa? Na uku masu cewa babu kuɗi. Wasan daɓe shi ne mafi arha a duk fasahohin nan. Tabarma biyu, kujera ɗaya, tsohuwar babbar riga da rawani na aro, sai zani a ɗaure a matsayin labule. Ko lantarki ba ya buƙata, wanda a ƙasar nan ba ƙaramar falala ba ce.

Saboda haka kirana na farko gare mu ne marubuta. Ado Ahmad Gidan Dabino ya nuna mana hanya da ya rubuta Malam Zalimu, ya tabbatar da cewa mai rubuta labarin soyayya zai iya rubuta wasa. Kowannenmu ya daure ya rubuta gajeren wasa na shafi goma, mai 'yan wasa biyar ko shida, a kan abin da yake damun unguwarsa, shaye-shaye ne ko sakin aure ko tallar yara ko faɗan daba, ya kai wa malamin Hausa na makarantar da ke kusa da shi kyauta. Ƙungiyoyinmu na marubuta da suke taron karatu duk wata su ware ko da zama ɗaya a shekara don a yi wasa maimakon karatu. Hukumomin raya al'adu na jihohi, irin wadda take Gidan Ɗan Hausa a Kano, su dawo da gasa tsakanin makarantu, ko da kofi ne kawai da kwalin sabulu za a bayar. Shugabannin makarantu kuma su tuna cewa littafin wasan da ke cikin manhaja ba a gama koyar da shi ba sai yara sun tashi sun yi shi. Iyaye su ma in an gayyace su su je su zauna, domin babu wasan daɓe in babu masu kallo.

Wanda yake da wani ra'ayi daban, ƙofa a buɗe take, ina saurare. Allah Ya sa mu dace, Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya, Ya shirya mana zuri'a. Wassalam.