Daga filin balo zuwa gidan kaso: awa 48 da ya kamata mu sani



In bakansi ya zo, gasar unguwanni ta kankama, duk mun san yadda wasa kan ƙare wani sa'in. Arbitir ya ba da fenariti, wasu su ce ba su yarda ba, sai jifa, sai sanda, sai a fasa wa wani kai. Kafin magariba jandarma sun kwashi samari. Daga nan iyaye su shiga neman wanda ya san wani, ko su fara lissafin akuyar da za a kai kasuwa.

Mu dai ba mu goyon bayan mai fasa kan ɗan'uwansa saboda balo. Wanda ya ji wa mutum ciwo, shari'a ta yi aikinta. Amma rashin sani ya fi dare duhu, shi ne ke cin dukiyarmu.

Dokar tsarin shari'ar laifuka ta Nijar, wadda aka kafa tun 1961 aka yi ta gyarawa, ta ce jandarma ko ɗan sanda na iya tsare mutum awa 48 don bincike. In ana son ƙarin wasu awa 48, sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Bayan haka, ko a sake shi, ko a kai shi kotu. Maganar ta'addanci ce ke da nata wa'adi mai tsawo, kuma faɗan filin balo bai shiga nan ba. Wanda aka tsare na da haƙƙin ganin lauya.

Sai kuma sulhu. Mai gari da dattawa na iya sasanta gidaje biyu, kuma muna son haka. Sai dai in an zubar da jini, yafewar wanda aka ji wa ciwo ba ta rufe maganar ita kaɗai. Mai gabatar da ƙara ne ke da ta cewa. Don haka duk wanda ya ce ku ba shi jaka kaza ya kashe magana, ku tambaye shi takarda.

Mu 'yan Filinge mun ga yadda doka ke tafiya in mutum na da masu tsaya masa. Marigayi Hama Amadu ya zauna a gidan kasonmu daga Nuwamba 2015 zuwa Maris 2016, lauyoyinsa na ta kai da kawowa daga Yamai. Ɗan talaka fa, wa zai yi masa wannan zirga-zirga? Shi ya sa a 2011 aka kafa hukumar ANAJJ, don yara da marasa hali su samu mai kare su kyauta. Mu nawa munka taɓa tambayar ta?

Ga shawararmu. Masu shirya gasa su sanar da hukuma tun kafin a fara, kowace ƙungiya ta zo da dattijo guda da zai zauna bakin fili. In kuma an kama yaro, iyaye su rubuta rana da lokacin da aka tafi da shi, su je da kansu cikin ladabi su ji laifin da ake tuhumarsa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kurfai da Nijar baki ɗaya. Ku faɗa mana abin da kunka gani a unguwanninku.