Madubin hangen nesa: mai zanen awo ko maras zane?



A farkon shekarar karatun bana, wani tsohon ɗalibinmu da Allah ya buɗa ma kasuwa ya aiko ma makarantarmu ƴan kuɗi, da sharaɗin a sayi kayan koyar da kimiyya. Da kwamitin kula da makaranta ya zauna, na ba da shawara a sayi madubin hangen nesa, irin mai ido ɗaya da ake ɗorawa bisa ƙafa uku, wanda maharban Amurka da Turai, da masu gasar harbi, da masu ƙidayar tsuntsaye ke aiki da shi. Mai sayarwa ya turo hotuna ta WhatsApp, sai muka ga iri biyu ne. Ɗaya in ka leƙa, gilashi ne tangaran. Ɗayan kuma akwai ƙananan zane da lambobi a ciki, kamar an shimfiɗa sandar awo bisa abin da kake kallo. Mai zanen ya fi tsada.

Ina cewa mai zanen nake so, sai wani dattijo cikin kwamitin, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana farauta, ya gyara zama ya ce: "Mushe, a wannan zamani da ƴan bindiga suka hana mutanen ƙauye barci, kayan saitin harbi za ka kawo ma ƴaƴanmu?" Na ce: "Baba, maganarka abin dubawa ce. A ba ni mako guda." Ga abin da na kai ma kwamiti bayan makon, don na san wasu makarantu za su gamu da irin wannan tambaya.

Da farko, mene ne wannan zane? Ma'aunin kusurwa ne. Mafi yawa ana raba shi da abin da ake kira mil, kuma ma'anarsa mai sauƙi ce: mil ɗaya yana rufe mita 1 a nisan mita 1,000, ko santimita 10 a nisan mita 100. Akwai kuma wani ma'aunin da Amurkawa suka fi sabawa da shi, MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda ke rufe kusan santimita 2.9 a nisan mita 100.

Ga masu gasar harbin nesa, wannan zane shi ne dalilin sayen madubin. Mutum biyu ke aiki: ɗaya na harbi, ɗaya na kallo. Idan harsashi ya kauce, mai kallo ba zai ce "ka ɗan yi hagu" ba, zai ce ya kauce rabin mil, wanda a nisan mita 600 santimita 30 ke nan, mai harbi ya gyara. Shi ya sa suke kula ma'aunin madubin kallo ya zo ɗaya da na madubin bindiga, mil da mil, MOA da MOA. Don haka Baba bai yi ƙarya ba. Masu harbi suna amfani da shi.

Maharbi kuwa buƙatarsa daban. Abin da yake nema shi ne ya gane abin da ke gabansa: barewa ce ko akuyar mutane, namiji ne ko mace mai goyo, dabbar da doka ta yarda a harba ce ko wadda ta hana. A Nijar dokar farauta ta 29 ga Afrilun 1998 ta ɗora ma maharbi neman izini, ta kuma keɓe dabbobin da ba a taɓawa. Ga wannan aiki, gilashi tangaran ya fi, don zanen na iya faɗawa daidai bisa ƙaho ko idon da kake son gani. Balle maharbinmu na gargajiya mai adaka da karnuka, wanda sai ya yi sanɗa ya matso kusa kafin ya ɗana. Awon mita 600 ba abin da zai ƙara masa. Da wani maharbi zai tambaye ni, sai in ce ya sayi maras zane, ya sa rarar kuɗin a gilashi mai kyau da ƙafa mai ƙarfi.

To mu malamai fa? Mu ba harbi muke ba, ba farauta muke ba. Muna koyar da yara su auna duniya. A nan ne nake ganin mai zane ya fi mana amfani nesa ba kusa ba.

Ku duba wannan lissafi, wanda ɗan aji shida zai iya. Ka ninka tsayin abu da 1,000, ka raba da yawan zanen da ya rufe, ka samu nisansa. Ƙofar da tsayinta mita 2 ne, idan ta rufe mil 5, tana nisan mita 400. Yaro ya leƙa, ya ƙirga, ya ninka, ya raba, sannan mu fita fili da igiyar awo mu gwada ko gaskiya ne. Shekaru kusan ashirin ina koyar da ninkawa da rabawa da alli. A makarantar horar da malamai ma, a allo muka koyi kusurwa, muka haddace, muka ci jarrabawa, ba tare da mun taɓa auna wani abu da ita ba. Ba na son ɗalibaina su fita kamar yadda na fita.

Ga kuma wata. Faɗinsa kilomita 3,474 ne, matsakaicin nisansa daga duniya kilomita 384,400. Idan aka leƙa shi daren sha huɗu, zai rufe kusan mil 9. Ka ba yara faɗinsa, su nemo nisansa da kansu: 3,474 sau 1,000, a raba da 9, ya ba da kilomita 386,000. Yarinyar da ta auna nisan wata daga filin makarantar ƙauyensu, da wuya a sake gaya mata lissafi na maza ne.

Na kuma gaya ma Baba asalin zanen. Wajen shekarar 1640, wani masanin taurari ɗan Ingila mai suna William Gascoigne ya tarar gizo-gizo ya yi saƙa a cikin madubinsa, ya ga zaren ya fito sarai tare da abin da yake kallo. Daga nan ya fara sa zare da gangan don saita madubi da auna sararin sama. Masu bindiga daga baya suka ara. Baba ya yi dariya ya ce ashe Gizo har Ingila ya kai wayonsa.

Akwai kuma abin kallo a ƙasarmu. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, su ne na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 saura 49 suka rage, yau sun haura 600, kuma a 2018 an kai takwas daga cikinsu gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Tafkin Madarumfa, da na Gidimuni, da na Tabalak, duk suna karɓar tsuntsayen ruwa lokacin sanyi. Ma'aikatan gandun daji da za su ƙidaya su gobe, yau suna zaune a azuzuwanmu.

Amma ban ɓoye ma kwamiti aibin mai zane ba. Ya fi tsada. Idan ka ɗauki hoto da waya ta cikinsa, zanen zai fito a hoton. A yau ma akwai na'urar auna nisa ta lesa da ta fi shi sauri, ko da yake ita tana cin batir, zane kuwa ba ya ci. Sannan akwai tarko: yawancin madubin nan ana ƙara ko rage girman abin kallo, misali daga sau 20 zuwa sau 60. A wasu, zanen na girma tare da hoton, awo ya zauna daidai ko'ina. A wasu kuma awon daidai yake a girma ɗaya tak. Dole a tambayi mai sayarwa wannan kafin a biya. Wasu kamfanoni na sa zanen a cikin ɗan gilashin ido da ake cirewa, ta yadda madubi ɗaya zai yi aiki biyu, in kuɗi sun kai.

Kada kuma babbar lamba ta ruɗe mu. Da tsakar ranar bazara, kawalwalniya ke sa komai ya yi ta rawa idan aka kai sau 60, hazon hunturu kuma ya rufe nesa. Sau 20 zuwa 30 da sassafe ya ishe mu. Ƙafa mai ƙarfi da jakar kare ƙura sun fi ƙarin girma amfani.

Saura damuwar Baba, wadda ban raina ba, don abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A halin tsaron da muke ciki, wanda aka gani da irin wannan madubi a bakin daji ana iya yi masa mummunar fahimta. Muka yarda madubin zai zauna a ofishin darakta, a rubuce cikin kayan makaranta, a sanar da hukuma da mai gari, kuma ba mai fita da shi sai da malami. Abin da ke kai yaro daji ya ɗauki bindiga, ni dai a ganina, rashin karatu da rashin sana'a sun fi kusa da shi bisa ga sanin rabawa da 9.

Kwamiti ya amince da mai zane. Baba ya sa sharaɗi ɗaya: ranar da za a auna wata, a aika a kira shi, shi zai fara leƙawa.

Allah ya yi ma ƴaƴanmu albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.