Fitilar Tirela Ba Ado Ba Ce

Duk wanda ya ɗaura 'yar tirela a bayan ƙaramar motar tsere, to, ya tare fitilun motarsa ke nan. Direban da ke biye da shi da dare ba shi da madogara sai fitilun tirelar.

Don haka muke ƙyamar al'adar nan ta a fere waya, a murɗe, a naɗe da leda. Soket mai baki 7 irin na Turai ya ba kowace waya aikinta: ja ta birki ce, rawaya ta siginar hagu, koriya ta dama, fara kuwa ita ke mayar da wuta jikin mota. In farar ta yi sako-sako, sai a taka birki, sigina ta kama.

Wayoyin ƙaramar mota kuma sirara ne. Ƙwan birki ɗaya wat 21 yake ci. Ƙarin biyu na iya ƙona fiyus, ko ya rikita kwamfutar motar zamani. Maganinsa a sa rile mai jan wuta daga batir, da fiyus nasa.

Ladan ƙwararren mai gyara bai kai kuɗin asibiti ba. Kafin mu tashi kuwa, wani ya tsaya baya ya duba mana.