Akwatin Sabis Da Haƙƙin Mai Gida

Jama'a, ga wani al'amari da ya auku a ƙasar Birtaniya, wanda ya kamata duk mai riƙe da wayar hannu ya tsaya ya saurara. A can gidajen ƙauye da yawa tsofaffi ne, an gina su da dutse, bango mai kauri ainun. Sababbin kuwa akan sa musu wani shimfiɗi mai fuskar ƙarfe a cikin bango domin ya tsare ɗumi lokacin hunturu. To, duka biyun suna tare sabis. Sai a ga mutum yana biyan kuɗin layinsa wata wata, amma in zai yi magana da ɗansa ko da likita sai ya fita ƙofar gida ya tsaya cikin sanyi, ko kuwa ya manna kansa jikin taga.

Cikin watan Yuli na shekarar 2009 kamfanin Vodafone ya fito da abin da ya ce shi ne maganin wannan damuwa, watau wani ɗan akwati da bai fi littafi girma ba. Da farko fam 160 ne kuɗinsa. A watan Janairu na 2010 aka sake masa suna zuwa Sure Signal, aka kuma rage kuɗin zuwa fam 50. A Amurka ma kamfanonin Sprint da Verizon da AT&T kowanne ya fitar da irin nasa a wajen wannan lokaci.

Aikin akwatin abin sha'awa ne, ba shakka. Ƙarfen sabis ne ƙarami a cikin ɗaki. Mai gida zai haɗa shi da na'urar intanet ta gidansa, ya sa masa wuta, sa'an nan ya rubuta wa kamfani lambobin da ya yarda su yi amfani da shi. Wayar hannu ba ta san bambanci ba, tana kama akwatin kamar yadda take kama dogon ƙarfen da ke bakin hanya. Daga nan maganar ba ta sāke bin iska, sai ta bi layin intanet har ta isa cibiyar kamfani. Na farkon yana ɗaukar kira huɗu a lokaci ɗaya. Kada a haɗa shi da ɗaya na'urar mai eriya a kan rufi, wadda take tsinto ɗan sabis na waje ta ƙara masa ƙarfi. Ita wannan in ba a daidaita ta ba takan dagula wa maƙwabta nasu layin, shi ya sa hukumar Ofcom ba ta saki a yi amfani da ita ba lasin ba sai a 2018, da sharuɗɗa, ita ma hukumar NCC ta Nijeriya ta ja kunnen masu sayar da ita da masu kafa ta ba izini.

Amma fa a duba lissafin da kyau. Mai gida ne ya sayi akwatin. Shi ne yake biyan kuɗin intanet ɗin da maganar take bi, shi ne yake biyan kuɗin wutar da akwatin yake sha dare da rana, kana duk kiran da ya yi ana cire masa daga cikin abin da ya saya kamar kullum. Watau ya gina wa kamfani ƙarfe a ɗakinsa da kuɗin aljihunsa, kuma linzamin yana hannun kamfani. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Wanda ya sayar da layi, ya karɓi kuɗi, shi ne ke da nauyin kai sabis inda mai saye yake kwana.

Ranar da linzamin ya nuna kansa ta zo. A watan Satumba na 2021 Vodafone ya rufe aikin Sure Signal, akwatunan suka zama kayan ajiya, domin a kan tsarin 3G aka ƙera su, shi kuwa tsarin an ƙudura kawar da shi. An gama kashe 3G na kamfanin a farkon 2024. Dalilin da aka bayar ba ƙarya ba ne: wayoyin zamani suna iya kira ta Wi-Fi kai tsaye ba tare da wani akwati ba, kuma wannan ya fi sauƙi. Sai dai wanda wayarsa tsohuwa ce, galibi dattijo ko mai ƙaramin ƙarfi, an bar shi da sayen sabuwa.

Har ila yau tsugune ba ta ƙare ba. Akwatin da kiran Wi-Fi duk da wutar gida suke rayuwa. A watan Nuwamba na 2021 guguwar da aka yi wa suna Arwen ta katse wuta a Sikotilan da arewacin Ingila, waɗansu gidaje suka fi mako guda cikin duhu. Gidan da sabis ɗinsa duka ya rataya ga na'urar intanet, a irin wannan dare ba ya ko iya kiran 999. Tsohuwar wayar tangaraho ta tagulla tana samun wutarta daga ofishin waya ne, to ga shi ita ma ana janye ta, an sa mata wa'adin watan Janairu na 2027.

Gwamnatin Birtaniya ta gane inda gyaran yake. A watan Maris na 2020 ta ƙulla yarjejeniya ta wajen fam biliyan 1 da manyan kamfanoni huɗu, EE da O2 da Three da Vodafone, domin a kafa ƙarafa a karkara, su kuma riƙa tarayya a kansu. Wannan ita ce hanya. In kuwa dole ta sa wani gida ya dogara ga na'ura a ɗaki, lalle kamfani ne ya kamata ya ba da ita kyauta, tare da batirin da zai riƙe ta in wuta ta ɗauke, ya kuma rubuta wa mai gida shekarun da za ta yi tana aiki tun kafin ya sa hannu.