Wane Ne "Donor"?

Akwai wata kalma ta Turanci da mu ke yawan gamuwa da ita cikin littattafai da jaridu, watau "donor". In yaro ya tambaya, galibi sai mu ce masa, "Mai kyauta ke nan," mu wuce. A ganinmu wannan fassara ba ta wadatar ba. Tun da ya ke gobe mu ne za mu tsaya gaban aji, ya kamata mu bincike ta sosai.

Asalin kalmar daga harshen Rumawan da ne, inda "donare" ke nufin bayarwa, ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi. To, in Bahaushe ya ce wane mai kyauta ne, halinsa ya ke yabo: hannunsa a sake, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Bature kuwa in ya ce "donor", ba ruwansa da hali, wanda abin ya fito daga hannunsa kurum ya ke nufi. Ko marowaci ne, ran da ya ba da ɗan abin da ya bayar don ginin asibiti, ya ci wannan suna.

Sa'an nan ba kowace bayarwa ce ke jawo sunan ba. Wanda ya ba abokinsa goro, ko ya kai wa surukinsa riga, ba a kiransa haka. Sai in an bayar don taimakon jama'a: kuɗi ga makaranta, littattafai ga ɗakin karatu, ko jini ga majiyyaci. A 1921 wani mai aikin Red Cross a Landan, Percy Oliver, ya fara tara mutanen da su ka yarda a ɗebi jininsu kyauta saboda marasa lafiyan da ba danginsu ba ne, ba kuwa abokansu ba.

Mu kan ce yaba kyauta tukwici, amma wannan kyauta ba maroƙi, ba tukwici. Ba baƙon abu ba ne gare mu, gama tun muna makarantar allo aka koya mana falalar sadakar ɓoye.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu saba wa yara da musanya kalma da kalma kamar masu canjin kuɗi. Mu dubi abin da aka bayar tukuna: in dukiya ce, mu ce "mai ba da gudummawa", in jini ne, "mai ba da jini". Malamin da ya ba da guntuwar ma'ana, yara arba'in za su tafi da ita har garuruwansu, gyaranta kuwa sai an sha wuya. Allah ya sa mu gane.