Ba Duk Riba Ake Rabawa Ba

'Yan'uwa manoma, kowace shekara bayan kaka sai gardama ta tashi a ƙungiyoyinmu na gama kai a nan Tudun Wadan Zariya. An sayar da masara, an sami riba, sai a ce a raba duka. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba.

Ku dubi kamfanin mai na ƙasa, NNPC. Dokar man fetur ta 2021 ta ce ya ba masu hannun jari rabonsu, amma ya riƙe kashi 20 cikin 100 na ribar don ya bunƙasa aikinsa. Wato cikin kowace naira biyar, ɗaya ba ta fita. Ita ce ribar ajiya. Ba lalle a same ta cikin akwati ba, domin sau da yawa ta riga ta zama bututu ko tanki. Tamu kuwa sai ta zama taki, ko rufin sito, ko injin ban ruwa a fadamar Galma. Wanda ya ce wa ma'aji, "Ina kuɗin?" sai a nuna masa injin.

Amma fa sai an nuna. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta yi shekaru ba ta tace mai, ko da yake an sha ware kuɗin gyaranta. Saboda haka a taron shekara mai zuwa, a tsai da kason ajiya ta hanyar ƙuri'a. Ma'aji kuma ya karanta a gaban kowa abin da aka saya da ajiyar bara, da rasit a hannu.