A Raba Shara Gida Biyu

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya bi ta bayan ɗakin girki da la'asar ya san abin da zan faɗa. Sauran tuwo da ɓawon doya da ledar ruwa duk wuri guda ake jibge su, a cinna musu wuta, hayaƙi ya bi mu har masallaci muna tari. Wai tsabta ke nan. Ni kuwa a ganina ɓarna ce.

Kakanninmu ba haka suka ɗauki shara ba. A ƙasar Kano, da rani manoma kan shigo birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida. Da wannan takin ne gonakin da ke kewaye da birni suka yi ta ba da gero da dawa shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Watau juji a wurinsu dukiya ne.

To, me ya ɓata al'amarin? Leda. Ba ta ruɓewa, tana toshe magudanar ruwa, akuya ta haɗiye ta ta yi ta ramewa, sai mahauci ya tarar da ita cunkushe a tumbi. Saboda irin wannan ne Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu ba mu da ikon kafa doka, amma muna da hannuwa.

Shawarata ita ce a ajiye durom biyu a ƙofar kowane ɗakin kwana, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa. Na farkon a kai shi rami a gefen gonar kwaleji, a riƙa shimfiɗa shi da ciyawa da kashin dabbobi da 'yar toka, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin kamar wata uku ya zama taki baƙi. Gwangwani da robobi kuwa 'yan jari bola suna saye, ledar ruwa ma a cika ta da ƙasa a rene dashen itatuwa.

Na san wani zai ce shi malanta ya zo koyo, ba kwasar shara ba. Malam, in an tura ka makarantar ƙauye, wa kake tsammani zai nuna wa yara? Lalle ya kamata a haƙa ramin nan kafin ruwa ya sauka, ni kuma na ɗauki alkawarin kawo shebur biyu.